Ashes of Love Ko Love Between Fairy and Devil: Da Wanne Za A Fara?

Ƙanwata ce ta jawo wannan rubutu. Ta gama jarrabawa, ta samu hutun mako uku, ta sayi data da ɗan abin da ta tara, sai ga saƙonta da daddare: "Yaya, cikin biyun nan da kike ta yabo, wanne zan fara? Datata ba za ta kai duka ba." Na ɗauki waya da niyyar ba ta amsa a layi ɗaya. Na rubuta na goge har sau uku, domin duk wanda na zaɓa sai in ji kamar na zalunci ɗayan. Daga baya na gane tambayar na buƙatar zama, kuma na san ba ita kaɗai ke yin ta ba. Zan taɓa wasu abubuwa na tsakiyar labaran, don ba a iya maganar dalilan mutum ba tare da an faɗi abin da ya aikata ba, amma yadda kowanne ya ƙare na bar muku.

Dukansu finafinai ne masu dogon zango na ƙasar Sin, daga nau'in da Sinawa ke kira xianxia, wato labaran mutanen sama masu tsawon rai da ƙarfin sihiri, waɗanda tushensu ke cikin tatsuniyoyin Sinawa da addinin Tao. A fassarar da ke fitowa a ƙasan allo za ku riƙa ganin ana kiran wasunsu da sunan alloli. Abin da ake nufi ya yi nesa da ma'anar kalmar a wurinmu. Waɗannan ana haifarsu, suna aure, suna kishi, suna neman sarauta, suna mutuwa. Ni dai ina kallonsu ne kamar sarakunan aljanu na tatsuniya, kuma a haka labarin ya fi zama daidai a kaina.

Ashes of Love ya fito a 2018, kashi 63, Yang Zi ce Jin Mi, Deng Lun ne Xu Feng, Luo Yunxi kuma Run Yu. Love Between Fairy and Devil ya fito a 2022 a manhajar iQiyi, kashi 36, Yu Shuxin ce Xiao Lanhua, Wang Hedi ne Dongfang Qingcang. Kowane kashi yana kai wajen minti 45, to na farko zai ci muku kusan awa 47, na biyu kusan awa 27. Ga mai lissafin data da cajin waya, wannan tazarar ta awa 20 ba ƙaramar magana ba ce, kuma da ita kaɗai wasu za su yanke hukunci. Amma ni abin da ya sa na haɗa su a faranti ɗaya daban ne. Labaran biyu daga saiwa ɗaya suka tsiro: a kowanne akwai wanda uwa ko uba ya rufe wa zuciya da gangan, don kada ya san so. Bambancin shi ne wa aka rufe wa, da kuma wanda ya biya kuɗin rufewar.

A Ashes of Love uwa ce ta yi wa 'yarta. Zi Fen, sarauniyar furanni, so ne ya yi ajalinta. Sarkin sama Tai Wei ya so ta, ya bar ta ya auri Tu Yao saboda ƙarfin dangin tsuntsaye, sannan bai ƙyale ta ba, ita kuma Tu Yao ba ta yafe mata ba. Tana kan gargara ta haifi Jin Mi, ta ɗura mata wata ƙwaya mai hana jin so, ta bar wasiyya a tsare yarinyar a cikin ƙasar furanni har shekara dubu goma. Jin Mi ta tashi tana zaton ita 'yar inabi ce kawai, ba ta san uwarta ba, ba ta san ubanta ba. Ranar da Xu Feng, ɗan sarkin sama, ya faɗo a ƙone cikin gonarsu, ta ɗauka hankaka ne. Ko bin sa da ta yi zuwa sama ba don shi ba ne, ƙarfin sihiri take nema don ta dawo da ƙawarta Rou Rou da wani dodo ya kashe.

Ku lura da abin da wannan ke nufi ga mai kallo. Kashi bayan kashi za ku ga namiji yana narkewa a kan mace, ita kuwa tana murmushi ba ta san me ake ciki ba. Tana iya faɗa wa Xu Feng magana mai daɗi da safe, ta faɗa wa yayansa Run Yu irinta da yamma, ba da mugunta ba, don a wurinta duk ɗaya ne da a ce ana son zuma. Da farko abin dariya ne. A hankali sai ya koma abin tsoro, domin mutumin da bai san zuciyarsa ba, duk wanda ya fi shi wayo zai iya juya shi. Da aka kashe mahaifinta, sarkin ruwa Luo Lin, da irin wutar da aka san Xu Feng da ita, ba ta da wata murya a cikinta da za ta ce mata a'a, wannan ba zai aikata ba. Ta soke Xu Feng da wuƙa a ranar ɗaurin aurenta da yayansa. A lokacin ne ƙwayar ta fito, so na shekaru ya afko mata gaba ɗaya, ga shi kuma kwance a gabanta da hannunta. Na kalli wannan wurin ne da tsakar dare, an ɗauke wuta, waya na kan matashi, kuma sai da na tsayar da shi na tashi zaune na daɗe kafin in iya ci gaba.

A Love Between Fairy and Devil uba ne ya yi wa ɗansa. Dongfang Qingcang, sarkin ƙabilar Wata, tun yana yaro mahaifinsa ya azabtar da shi har bishiyar da ke ɗauke da jin daɗinsa da baƙin cikinsa ta bushe, domin wutar da za ta kare ƙabilarsu ba ta zama a jikin mai tausayi. Ya girma ya kashe uban, ya zama abin tsoron kowa, aka yi yaƙi, aka kulle shi a hasumiyar Haotian shekara dubu talatin, sojojinsa dubu ɗari kuma aka daskarar da su a filin daga. Xiao Lanhua ƙaramar 'yar fure ce mai raunin sihiri, ita kaɗai ke gadin gidan da ake ajiye kundin ƙaddara. Tsautsayi ya jefa ta hasumiyar, suka yi musayar jiki, sannan wani ƙullin asiri ya haɗa su: in ta ji ciwo ya ji, in ta yi kuka hawaye ya zubo masa, in ta mutu ya mutu.

Wannan dabarar ta marubuta ita ce ta riƙe fim ɗin. Mutumin da ba ya jin komai an tilasta masa ya ji abin da wata ke ji. Kulawar da ya fara yi mata ta son kai ce tsantsa. Yana tara mata raɓar asuba, yana fitar da ita ta ga fitowar rana, yana tsare ta daga masu cin zalinta, duk don kada ta mutu ta tafi da shi, kuma don ta gyara masa wani kundi da yake buƙata wajen kwance sojojinsa. Mai kallo ya san haka, shi ma ya san haka. Daɗin yana wurin da za ku fara lura cewa ya wuce iyakar abin da buƙatar ta nema. Ba wanda ya tilasta masa ya gina mata irin gidanta sak a ƙasarsa don kewar gida ta ragu. A nan ake gane an fara shiga wani yanayi. Kuma marubutan ba su bar abin a banza ba: yadda bishiyar ke toho, haka wutarsa ke raguwa. Duk takun da ya yi zuwa gare ta, ƙabilarsa ce ke rasa garkuwa. Ƙaninsa Xunfeng da ke tsanar yarinyar ba mahaukaci ba ne, yana ganin mata da marayun da suka yi shekara dubu talatin suna jiran mazajensu, yana ganin sarkinsu yana laushi saboda 'yar abokan gaba.

To a nan ne na fara rarrabewa. In abin da kuke nema shi ne ku ga so yana ginuwa bulo bayan bulo, ku iya nuna kashin da wani abu ya canja a idon jarumi, Love Between Fairy and Devil ya fi. Su biyun suna canja juna. Ita ta shigo da tsoro da rawar jiki, tana kiran ƙabilar Wata dodanni kamar yadda aka koya mata, ta zauna cikinsu ta ga su ma mutane ne, har ta yarda ta shiga azabar kogon Fuju don a karɓe ta a matsayin matar sarkinsu. Ba wanda ya ɗura mata komai, da idonta buɗe ta zaɓa. A Ashes of Love kuwa son Xu Feng ya cika tun da wuri, bai da sauran girma, na Jin Mi kuma a kulle yake, sai rana ɗaya ya fashe. Abin da ya biyo baya biyan bashi ne. Ta ba da ganin launi na idonta don a dawo da shi, 'yar sarauniyar furanni ta koma ba ta bambanta ja da kore, shi kuma ya farfaɗo yana zaton wata ce ta cece shi, yana wulaƙanta ta. Akwai masu son irin wannan raɗaɗin, kuma Yang Zi ta iya kuka yadda za ku manta wasa take yi. Amma ku sani tun yanzu, sashen yana da tsawo, kuma yawancinsa a kan rashin fahimtar da magana ɗaya za ta warware ya tsaya.

Sai dai ban gama ba, domin Ashes of Love na da abin da ɗayan bai da shi, wato Run Yu.

Har yau masu kallo ba su daina musu a kansa ba, kuma ina ganin ba za su daina ba. Shi ne babban ɗan sarkin sama, amma ba ɗan sarauniya ba. Tai Wei ya yaudari mahaifiyarsa Su Li, 'yar sarkin wasu kifaye, don ya raba kan masu mulkin ruwa, ya tafi ya bar ta da ciki. Yaron ya fito da ƙaho da ɓawon macijin sama irin na ubansa a cikin dangin kifi. Don kada a gane shi a kashe su, uwar da hannunta take yanke masa ƙahon, tana ɓare masa ɓawon, su sake tsirowa ta sake. Daga baya Tu Yao ta ɗauke shi ta kai sama, aka shafe masa tunanin yarintarsa, ya tashi a hannun matar uba. Duk wanda ya taɓa ganin yaron da ke zaune a gidan ubansa kamar baƙo zai gane Run Yu tun fitowarsa ta farko: ladabin da ya yi yawa, muryar da ba ta tashi, zama a gefe a wurin taro, aikin dare da aka ba shi na jera taurari lokacin da kowa ke barci. Bai nemi sarauta ba. Abu ɗaya aka taɓa cewa nasa ne, alkawarin aure da aka ƙulla tun kafin a haifi yarinyar, cewa zai auri babbar 'yar sarkin ruwa. Sai ta tabbata Jin Mi ce. Ƙaninsa, wanda ke da uwa da gata da sojoji da son uba, shi ne kuma ya miƙa hannu kan wannan ɗin. Yana cikin haka ya gano mahaifiyarsa na da rai, bai gama murna ba Tu Yao ta kashe ta a gabansa.

Masu kare shi suna cewa wanda aka yi wa haka, me ake so ya zama? Ina tare da su har zuwa juyin mulkin da ya yi wa ubansa, don Tai Wei da Tu Yao sun ci a yi musu fiye da haka. Inda na rabu da su wuri ɗaya ne. Run Yu ya gano ƙwayar da ke cikin Jin Mi ta fara tsagewa, wato ta fara jin son ƙaninsa, sai ya gyara ta a ɓoye. Ya mayar da ita kurkukun da uwarta ta sa ta, don ya fi son ta zauna da shi ba ta jin komai a kan ta ji so ga wani. Daga baya kuma ya bar ta cikin zargin Xu Feng don hakan ya yi masa amfani. Mutumin nan ɗaya ne ya yanke rabin tsawon ransa ya ba ta don ta rayu. Duka biyun gaskiya ne, kuma fim ɗin bai sauƙaƙa wa kowa ba. Ni fahimtata ita ce Run Yu bai taɓa koyon bambanci tsakanin so da tsoron rashi ba, don duk abin da ya taɓa riƙewa ƙwace shi aka yi. Ga Kuang Lu a gefensa tana yi masa son da ba sharaɗi, bai ma iya ɗaga ido ya gan ta ba. Luo Yunxi ya koyi rawar bale kafin ya shiga fim, kuma ana gani a yadda yake tsayuwa da juya hannun riga. Daga farin kaya da sanyin fuska zuwa sarkin da ba ya murmushi, ba za ku iya nuna ranar da ya sauya ba.

In aka ajiye Changheng na Love Between Fairy and Devil kusa da shi, sai a ga tazara. Zhang Linghe da ya fito a matsayinsa ya yi ƙoƙari, kuma Changheng mutumin kirki ne: jagoran yaƙin sama, yana son Xiao Lanhua a ɓoye, amma an yi masa baiko da wata da bai taɓa gani ba, yayansa mai mulki kuma ya danne shi da maganar nauyin al'umma. Matsalarsa jinkiri ce. Lokacin da take da buƙatar wanda zai tsaya mata a fili, ya zaɓi ya kare ta ta hanyar nesanta kansa, kafin ya yi shawara wani ya riga shi. Ana tausaya masa, ba a musu a kansa. Wanda ya ɗan kusanci nauyin Run Yu a wannan fim shi ne Rong Hao, da ya yi shekaru dubbai yana zubar da jinin bayin Allah don ya dawo da malamarsa Chidi, wadda ta tsince shi yana yaro ba shi da kowa. Shi ma so ne ya lalace ya zama riƙo, amma ba a ba shi fili kamar yadda aka ba Run Yu ba.

Kowanne na da inda yake gajiyarwa. Ashes of Love ya yi kitso da yawa a kai ɗaya. Labarin soyayyar wasu 'yan gefe biyu, Liu Ying da Mu Ci, ya ci lokaci mai yawa a tsakiya, har masu kallo a Sin suka yi ta ƙorafin cewa manyan jaruman sun ɓace a wasu kashi. Za ku iya gaggauta waɗannan wuraren ba ku yi asarar komai ba. Aikin kwamfutarsa ma na 2018 ne, wani wurin yana da kyau, wani wurin ana ganin ɗinkin. Love Between Fairy and Devil ya fi shi kyan hoto da sutura nesa ba kusa ba, kuma ba ya jan ƙafa. Nasa laifin biyu ne. Muryar da Yu Shuxin ta yi amfani da ita a kashin farko-farko siririya ce irin ta shagwaɓa, ta kori mutane da dama tun kafin labarin ya kama. Ku daure, da gangan ne, muryar na sauka yadda yarinyar ke girma. Na biyu, ƙarshensa an yi shi a guje, bayan duk wahalar da aka sha mintocin da aka ba mai kallo ya huce ba su kai ba.

Wata magana da ya kamata a faɗa: dukansu akwai sumbata a ciki, a na biyun ma ita ce hanyar musayar jikin, don haka tana zuwa tun kashin farko. Ba irin fim ɗin da za a kunna a falo gaban Baba ko yara ba ne.

Wanda bai taɓa kallon xianxia ba, ko lokacinsa kaɗan ne, ko yana son ya yi dariya kafin a sa shi kuka, ya fara da Love Between Fairy and Devil. Duniyarsa ba ta da rassa da yawa, sunayen da za a riƙe kaɗan ne, kuma wurin da Wang Hedi ke kwaikwayon yarinya a jikin sarkin da kowa ke tsoro ya isa ya riƙe mutum har labarin ya yi nauyi. Wanda kuwa ya saba da dogon labari, wanda abin da ke burge shi shi ne rikicin gida, kishiya da 'ya'yan kishiya, gadon sarauta, laifin iyaye da ke sauka kan 'ya'ya, kuma yana son ya gama fim ya kwana yana muhawara da kansa a kan wa ke da gaskiya, Ashes of Love nasa ne. Mai raunin zuciya da ba ya jure ganin ana wulaƙanta mace kashi da yawa a jere, ya yi hattara da sulusinsa na ƙarshe.

Ni a raina Ashes of Love ya fi zama, saboda Run Yu, shekaru bayan na gama shi ina tuna yaron nan a ƙarƙashin ruwa yana jiran a sake yanke masa ƙaho. Amma soyayyar da na yarda da ita, wadda na ga dalilinta daga farko har ƙarshe, ta Dongfang Qingcang da Xiao Lanhua ce.

Abin da na tura wa ƙanwata ke nan a taƙaice: ta fara da mai kashi 36, kada ta yanke hukunci sai ta wuce kashi na shida, ta rage ingancin hoton don datar ta kai ta. Bayan kwana huɗu ta kira ni, ko sallama ba ta gama ba ta ce, "Yaya, wai da gaske shi ya kashe babansa, ko akwai abin da ba su faɗa ba?" Na ce mata ta ci gaba da kallo, ta kira ni in ta kai wurin.